Shafin Barka da Ɗan Farin Mai Sito

Shekarar da manaja ya ɗora mini jaridar ma'aikata, kamfaninmu na sayar da abincin dabbobi a Potiskum. Shafi huɗu ce duk wata, amma cika ta ya fi sauke tirela wuya. Manaja ya ce mu sa ranakun haihuwa, sai muka tarar rabin ma'aikata ɗaya ga Janairu aka rubuta musu. Muka gwada gwarzon wata, direbobi biyu suka daina gaisawa. Abin da ya zauna shi ne shafin barka da ta'aziyya. Shi kowa ke fara buɗewa, har waɗanda sai an karanta musu.

Mai kula da sitonmu Bafillace ne da ya bar kiwo ya zauna a unguwar Yerimaram. Ni Babarbare ne, don haka kullum muna cikin tsokanar juna. Ya daɗe da aure ba haihuwa, sai a shekarar Allah ya ba shi ɗa namiji. Mun je suna, mun ci tuwo, shi kuwa ko ƙofar gida bai tsaya ba. Ɗan fari ne. Ba ya kiran sunansa, in an yi masa barka sai ya dubi ƙasa.

Da na zo haɗa shafin, na sa haihuwar akawu da ta mai gadi, na tsallake tasa. A ganina na rufa masa asiri ne, kada a liƙa shi a allon sanarwa kowa na nunawa.

Ranar da jarida ta fito na same shi a bakin sito yana bin shafin da yatsa. Ya kai ƙasa, ya sake komowa sama. Na ce, "Bafillace, yaushe ka koma ɗan boko?" Bai rama ba, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Malam, wuri ne ya ƙare?"

Na ce, "Kunyarka na duba."

Ya naɗe takardar a hankali. "Ni ne ba zan iya faɗa ba. Ita takarda ai ba ta da suruki. Na ce wa uwarsa yau zan kawo mata ta gani."