Ƙofofin Dogo

Yayana kafinta ne, kuma ƙofa ce sana'arsa. Yakan yi gado ko kabad in an matsa masa, amma ƙofa ce kaɗai ke sa shi fita shago da murmushi. Gajere ne kakkaura, fensir ba ya barin kunnensa, magana kuwa sai ka ja ta da igiya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, don haka cikin ƙamshin katako na girma, har yanzu kuma Auta yake ce mini duk da furfurar da ta fara leƙo mini.

Mijina ma kafinta ne. Dogo ake ce masa. Ya zo unguwarmu da zarto ɗaya da baki mai zaƙi, Yaya ya ba shi rabin benci a shagonsa. Ni na gan shi na ce ina so. Yaya ya ce, "Auta, hannunsa ba laifi, amma akwai gaggawa." Ban ji ba. Wanda so ya toshe wa kunne ai ba ya jin kira.

A shagon akwai abu ɗaya da ba a taɓawa, shi ne filen ɗin Yaya. Filen shi ne ƙarfen nan mai reza a ciki da kafinta ke turawa a kan katako yana fere shi har ya yi sumul. Na Yaya tsoho ne mai nauyi, wanda maigidansa ya bar masa, mariƙinsa har ya ɗauki siffar tafin hannunsa. Ba ya ba da aronsa. Ba ya ajiye shi a kan cikinsa, sai a kwance ta gefe, don kada bakin rezar ya taɓa wani abu. Mu kanmu muna yara mun san gara ka taka ƙafar Yaya da ka taɓa wannan ƙarfe.

Wata rana Yaya ya fita auna ƙofa, Dogo ya ɗauki filen ɗin ya hau kan wani tsohon katako da shi, bai duba ba. Ƙusa na ɓoye a ciki. Rezar ta ɓalle, filen ya suɓuce ya faɗi kan siminti, gefensa ya tsage har ƙasa. Da Yaya ya dawo ya tsaya yana kallon ɓallin, sai mijin nawa ya ce, "Haba Yaya, ƙarfe ne fa, ba mutum ba. Ga inji nan zuwa, wa zai ƙara wahala da wannan?" Ko haƙuri bai bayar ba.

Da a nan ya tsaya, da Yaya ya haɗiye. To amma a lokacin an gama gina wasu gidajen haya a ƙarshen layinmu, jere guda, duk suna jiran ƙofofi. Mai gidajen ya zo har ɗakinmu neman shawara, ina kicin ina jin su. Da kunnena na ji Dogo yana cewa, "Tsohon ya gaji. Hannu na rawa yanzu. Ni ke rufa masa asiri a shago." Gaskiya ne hannun Yaya yakan ɗan yi rawa in ya ɗauki kofin shayi. Amma in ya dafa katako, rawar sai ta ɗauke ɗif, kuma Dogo ya fi kowa sanin haka. Na ji kamar in fito da ludayi in buɗe masa kai.

Magana ta zagaya. Aikin gidajen haya ya tafi hannun Dogo shi kaɗai. Mutanen da Yaya ya yi wa iyayensu ƙofa suka riƙa shigowa shago, su gaishe shi da ladabi irin na gaida mara lafiya, su wuce wurin Dogo da sabon injin fere katako da ya sayo. Sunan da ya gina tun yana saurayi ya rushe a rani ɗaya. Ranar da ya tattara zartonsa da gudumarsa ya bar shagon da shi ya kafa, na bi shi ina kuka, na ce ai shi ya kamata ya kori Dogo.

"In na kore shi, 'ya'yanki za su ci me?" in ji shi. "Shago na bar wa 'ya'yanki. Shi kuwa ban bar masa komai ba."

Ni na raka shi kasuwa sayen wani filen. Irin nasa na dā ya fi ƙarfinsa, sai muka nufi rumfar masu arha, irin waɗanda ke zuwa cikin kwali mai hoton katako yana walƙiya. Yaya ya sa mai rumfa ya sauko da duk waɗanda ke kan kanta. Ya ciro ƙaramar rular ƙarfe daga aljihu, ya ɗora a ƙasan kowane filen, ya ɗaga sama yana duba ko haske na wucewa tsakani. Duk haske na wucewa. Wani ya lanƙwasa a tsakiya, wani ya murɗe, wani mariƙinsa na kaɗawa kamar haƙorin tsoho. Mai rumfa ya gaji ya ce, "Baba, filen za ka saya ko amarya kake zaɓe?" Yaya bai ɗago ba. Ya ware wanda karkatarsa ta fi sauƙi, wanda kuma notin daidaita rezar ke juyawa ba gardama, ya ce a naɗe masa.

Da labari ya kai wa Dogo, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Wannan ai na fere dankali ne. Araha ba ta ado." Na dube shi na ce to, mu zuba ido.

Abin da Yaya ke bukata shi ne wuri mai shimfiɗa wanda babu ko ɗan tudu a kansa. Na ciro gilashin teburin falona, mai kauri, na kai masa. Dogo ya dawo ya ga tebur tsirara ya tambaya, na ce, "Na ba Yayana. Akwai magana?" Ya wuce ɗaki.

A tsakar gidansa Yaya ya kafa zama. Ya manna sanfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako, a kan gilashin, ya zana layuka da baƙin alƙalamin maka a ƙasan filen ɗin, ya riƙa gogawa gaba da baya. In ya ɗaga, inda ƙarfen ya yi tudu zanen ya goge, inda ya yi kwari zanen na nan. Sai ya ci gaba. Bai cire rezar ba, ya dai janye ta ciki, wai ƙarfen yakan canza tsayuwa in an ɗaure shi, dole a goge shi yadda zai yi aiki. Yatsunsa suka yi baƙi, sanfefa ta ƙare aka sayo wata. Matarsa ta ce mini wannan ƙarar ta gurzar ƙarfe har cikin haƙoranta take jin ta, kuma mutumin ya daina hira, in ya yi magana to da filen yake yi.

Na tambaye shi me yake gaya wa ƙarfe. Ya ce, "Sunan mijinki."

Da zanen ya ɓace gaba ɗaya, sai ya koma kan rezar. Ya goge bayanta a dutsen wasa da ɗan mai har ta zama madubi, sannan ya wasa bakin. Akwai wani ɗan ƙarfe da ke danne rezar ta sama, shi ke naɗe ɓawon katako ya fito da shi. Na wannan filen bai zauna daidai ba, ɓawo na shiga ƙarƙashinsa ya cushe. Ya bi shi da magagari har ya manne, ko gashi ba ya shiga. Ya rage tsawon sukurun mariƙi ya ɗaure shi tam. Ya kashe kaifin gefuna don kada su yanki hannu. Ranar da ya gama, ya aske gashin damtsensa da rezar, ya mayar da ita, ya tura a kan katako. Ɓawon da ya fito siriri ne har ina ganin yatsana ta cikinsa. Aibinsa ɗaya, ƙarfen rezar mai laushi ne, ba ya riƙe kaifi. Yaya ya ce ba komai, ya jefa dutsen wasa a aljihu.

Na ce to yanzu sai a nemi aiki. Ya ce a'a, sai damina. Ya san abin da yake jira. Katako yana shan danshi ya kumbura, shi ya sa Yaya in zai kafa ƙofa yakan bar ɗan sarari kamar kaurin kwabo, ya ɗan zaftare gefen, ya shafa fenti har saman ƙofar da ƙasanta inda ido ba ya kai wa. Dogo kuwa da rani ya kafa nasa, cif-cif, ba sarari, don mai gida ya gani ya yaba. Sama da ƙasa ya bar su ba fenti, wai wa zai hau ya duba.

Ruwa ya sauka, ya sake sauka. Ƙofofin gidajen haya suka kumbura. Wani sai ya sa kafaɗa kafin ya shiga ɗakinsa, wata ta kwana biyu ƙofarta ba ta rufuwa, wani malamin makaranta ta taga ya fita aiki. Aka yi ta aike wurin Dogo, shi kuwa injinsa a kafe yake a shago, ba ya zuwa gidan kowa, filen hannu kuma ba shi da shi.

Sai ga Yaya da filensa a hammata. Gida-gida ya bi, ba wanda ya kira shi, kuma ko sisi bai karɓa ba. Ba ya gyara a ciki. Sai ya cire ƙofar ya fito da ita bakin titi, inda masu wucewa za su gani, ya tambaya da murya irin wadda ban taɓa sanin yana da ita ba, "Wai wa ya yi muku wannan ƙofar?" A ce Dogo. Ya ce, "Wa?" A sake faɗa da ƙarfi. Sai ya girgiza kai, ya tura filen. Mutane su taru suna kallon ɓawo na zuba, suna kallon hannun da aka ce ya mutu. In ya mayar da ƙofar, da ɗan yatsa ɗaya yake tura ta ta rufe.

Ɓawon ma bai bar shi ya tafi a banza ba. Yakan tattara shi a buhu, da yamma ya bi ta gaban shago ya zazzage a bakin ƙofa, ya ce, "Ga ragowar aikinka, na kawo maka." Dogo ya dawo gida yana huci, ya ce in ja wa ɗan'uwana kunne. Na ce ni ban iya jan kunnen wanda ya raine ni ba, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Na kuma san tuwon gidana ake taɓawa, don masu kawo aiki sun fara juyawa. Duk da haka daɗin ya fi.

Ana cikin haka ƙofar gidanmu ta bi sahu. Dogo ne ya yi ta, da irin hannun da ya yi sauran. Wata safiya ta ƙi buɗuwa, yara suka makara, sai da maƙwabci ya doke ta daga waje. Dogo ya ce zai duba in ya dawo. Haka yake ta faɗa tun ranar da ta fara cijewa. Yana fita na ɗauki waya na kira Yaya.

Da Dogo ya dawo cin abincin rana, ya tarar da ƙofar gidansa a tsaye ta gefe a bakin titi, rabin unguwa a kewaye. Ya tsaya turus. Yaya bai yi tambayar da ya saba ba, don babu wanda bai san amsar ba. Ya dai ce, "Ƙofa ba ta feruwa sai an riƙe ta. Zo ka riƙe."

Na zaci zai juya. Ya dubi mutane, ya dube ni, sannan ya durƙusa ya rungumi ƙofar. Yaya ya yi aikin a hankali, ya tsaya ya wasa reza, ya ci gaba, ɓawo na sauka a kan wuyan mijina da kansa. Ba wanda ya yi dariya, wannan ya fi dariyar ciwo. Can Dogo ya ce, murya ƙasa-ƙasa amma kowa ya ji, "Yaya, na yi maka ƙarya. Hannunka lafiya lau. Ka yafe mini, ka dawo shagonka."

Yaya ya hure bakin filensa, ya shafa gefen ƙofar da tafin hannu. Ya ce, "Ɗaga mu mayar. Gyaran ƙofa na zo, ban zo sulhu ba."

Bai dawo ba. A tsakar gidansa yake aiki yanzu, masu son ƙofa suna layi, in sun haɗu da Dogo a hanya kowa ya kama gabansa. Na roƙe shi, matarsa ta roƙe shi, ya ce sunansa ya karɓo, sauran kuma ba ya bukata. Nan ne daɗin nawa ya fara ɗaci, don ni ce a tsakiya, kuma ni na buga wayar.

Ƙofarmu dai ba ta ƙara gardama ba, damina ko rani. Amma tun daga ranar Dogo bai sake sa mata hannu ba. In ya shigo sai ya bar ta a buɗe, in zai fita ya tsaya yana gyaran hula har wani ya buɗe masa. Ni ke tashi in rufe.