Abin da Waya Ta Ce wa Baba

Gidanmu na Ƙofar Rini ba ya shiri da sabis. Ginin ƙasa ne tun na kakanni, bangonsa kauri gare shi, da ka wuce zaure na biyu wayarka ta zama tocila kawai. Wuri ɗaya ake samun layi, kusa da turken awaki, shi ma sai ka hau turmin da aka kife ka ɗaga hannu sama. Na taɓa faɗowa daga turmin nan ina tsakiyar gaida surukata, tun ranar na haƙura.

A ofishin da nake aiki kuwa akwai intanet na kyauta, ni kuma ban iya ganin abin kyauta in kau da kai ba. Can na koyi buɗe labari a burauza, in taɓa ɗigo ukun nan na sama, in danna 'yar kibiyar da ke kallon ƙasa, shafin ya sauko ya zauna a cikin waya. Ko babu data, ko babu sabis, yana nan yadda na bar shi. Na shiga adanawa ba ji ba gani: girke-girke, labarin alhazai, maganin kiwon kaji, har da yadda ake gyaran famfo, ni da ko ƙusa ban taɓa bugawa ba.

Baba ne ya sa abin ya yi amfani. Shekara da shekaru yana sayar da yadi a kasuwa. Ya haddace Alƙur'ani tun yana saurayi, kuma har yau da safe maƙwabta kan zo zaure ya saurare musu hadda. Boko kuwa da girmansa ya koya a ajin yamma, don ya ce ba zai zauna wani yana karanta masa takardarsa ba. Sai ga yanar ido, farin hazon nan, ta fara rufe masa gani. Da farko ya daina bambanta shuɗiyar shadda da baƙa, ya bar rumfa. Daga nan jarida ta gagare shi. A ƙarshe fuskokinmu ma suka tafi, ya koma gane mu da takun ƙafa.

Likita ya ce aiki ne ɗan ƙarami, amma kada a ja lokaci. Baba ya ce a kai kasuwa. A majalisarsu an riga an tabbatar masa cewa ciro idon ake yi ɗungurungum, a sa a faranti, a wanke, a mayar, kuma akwai wani tsoho da aka mayar wa nasa a karkace. Babu wanda ya san sunan tsohon, amma kowa ya san wanda ya san maƙwabcinsa. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kuka. Baba ya ce in sha ruwa.

Kullum idan na tashi daga aiki, kafin in wuce gidana a Gidan Dahala, nakan biya in same shi bayan la'asar a kan tabarma, ƙarƙashin dogonyaron tsakar gida, in karanta masa abin da na adano. Ranar farko na cika baki sosai, ina yi masa bayanin yadda shafi ke zama a waya ba tare da sabis ba. Ya saurara har na gama.

"Kina nuhin abin da anka rubuta nan ba shi sakewa?"

"Ba shi sakewa, Baba."

"Ko ya kwana?"

"Ko ya shekara."

"To, abin ga na da amana," in ji shi.

Inna ce ta fara gane ribar wannan amana. Shekara talatin tana yaƙi da Baba a kan goro ba ta ci ko sau ɗaya ba, sai ga shi ta ga mutumin da bai ji maganar likita ba, bai ji tata ba, yana gyaɗa wa waya kai. Wata rana ta ja ni madafi, ta tura ƙyaure da ƙafa.

"Wayag ga taki, ba ta hwaɗi komi ba bisa goro?"

Na ce ban gani ba.

"Duba dai da kyau, ɗiyata."

Na duba fuskarta, ban duba wayar ba. A ranar, a tsakiyar wani labari a kan hawan jini, sai waya ta ce duk dattijon da ya wuce goro uku a yini yana wasa da lafiyarsa. Da muryar karatu na faɗa, ban ɗaga kai ba, ban yi murmushi ba. Baba ya yi gyaran murya sau ɗaya. Na wuce abina. Washegari ya kira Inna ya miƙa mata ƙullin goronsa, ya ce ta riƙa ba shi uku.

Ai kuwa sai Inna ta buɗe ofis. Kullum na shigo akwai saƙo. Waya ta hana fita sallar azahar ba lema. Waya ta hana zaman majalisa har rana ta take. Waya ta yi dogon bayani a kan tsofaffin riguna, musamman masu ruwan ƙasa, musamman masu faci a aljihu, wai suna riƙe zafi a jiki, aka samu aka raba Baba da wata babbar riga da ta girme ni. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin ƙwarai. Har nawa na saka: masana sun ce bai kamata uba ya riƙa tambayar 'yarsa mai aure kullum me ya sa ta rame ba.

Matsalar ita ce Baba ba ya jin abu sau ɗaya. Sau uku yake so a maimaita masa, kuma bayan mako biyu sai ya ce a maido masa na hawan jinin nan. Ni kuma ban rubuta ƙaryata a ko'ina ba. Goro uku ya koma biyu ranar da Inna ta tashi da fushi, ya koma huɗu ranar da na ji tausayinsa, akwai ranar da ya zama rabi. Kowane lokaci Baba sai ya yi gyaran murya, sau ɗaya, a daidai wurin.

A nan ne kunya take kama ni. A gidan nan na tashi. Na san Baba bai taɓa ce wa mai hadda ya yi kuskure ba, gyaran murya yake yi sau ɗaya, mai karatu ya koma baya ya nemo inda ya zame. Manyan mutane masu gemu na ji sun koma baya saboda wannan sauti, ni ma na sha shi ina riƙe da allo. Amma da yake waya ce a hannuna, ba allo ba, sai na ce mura ce. Inna ta yarda. Muka dafa masa citta da zuma, waya kuma ta ce a sha safe da yamma. Ya sha.

Duk wannan wasa ne. Abin da nake nema tun farko shi ne labarin ido, kuma na same shi wata Laraba, dogo, da Hausa mai daɗi, wani likita ya rubuta. Ya ce mutum yana farke ake yi, an kashe zafin wurin, a cire abin da ya yi hazo a sa garau a madadinsa. Ina karantawa a ofis ina murna, har na iso wani sakin layi kusa da ƙarshe. Ya ce wani lokaci wurin kan kama ƙwayar cuta, kuma akwai wanda, ko da ba a cika samu ba, ganin ba ya dawowa. Na danna kibiyar duk da haka.

A kan tabarma na karanta masa tiryan-tiryan. Na ƙara layi ɗaya tak, cewa babu faranti a maganar, idon yana wurinsa daga farko har ƙarshe. Wannan ko ba a rubuta ba gaskiya ne. Da na zo wurin nan kuwa, babban yatsana ya tura shafin sama, na haɗiye yawu, na kama daga layin da ke cewa a kiyaye ƙura da ruwa bayan aiki. Na saurari gyaran murya, don na saba da tarin nasa. Shiru. Kwana uku ina karanta masa, kwana uku ina tsallakewa, bai yi tari ba. Inna ta ce citta ta yi aiki.

A rana ta uku ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ki hwaɗa ma likita muna tahe."

Ranar aikin na zauna a benci a barandar asibiti, Inna tana gefe tana ta salati. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Idan idon nan ya tafi gaba ɗaya, ni ce na ɓoye masa, ni ce na zaɓar masa da yatsana. Na ciro waya na buɗe shafin, na karanta sakin layin da na hana shi, na sake karantawa, na sake, kamar zai canza don ya ga halin da nake ciki. Yana nan yadda na bar shi.

Allah Ya rufa asiri. Da aka cire bandeji Baba ya daɗe yana kallon Inna, sannan ya ce ashe tsufa ta yi a bayan idonsa ba ta sanar da shi ba. Ta ce shi ma da ya nemi madubi kafin ya yi magana. Bayan wata biyu aka yi ɗaya idon, aka ba shi tabarau. Ya koma zaure yana duba Alƙur'aninsa, yana gaida mutane da sunansu tun daga nesa, har ya fara ƙorafin cewa ba a share gindin dogonyaro da kyau.

Mai hankali da tuni ya goge shafukan nan. Ni ban iya goge komai ba, hoton rasit na shekara huɗu ma yana wayata. Ban ma tuna ba sai wata la'asar da na zauna zan fara karatu kamar kullum, Baba ya gyara zaman tabaransa ya miƙo hannu.

"Ba ni wayag ga in gani."

"Baba, ai babu sabis nan ciki."

"Waɗanda kinka aje ba su biɗar sabis. Ke kinka hwaɗa min."

Ni da kaina na buɗe masa, ni na ƙara masa girman rubutu. Inna tana tsince shinkafa a bakin ɗaki, sai ta tuna ta bar wani abu a wuta, alhali ba a hura wuta ba. Ya fara da na hawan jini, yana bin layi da yatsa, leɓensa na motsi. Ya kai ƙasa, ya dawo sama. Ya ce ya duba ko'ina bai ishe goro ba. Ya nemi lema, babu. Ya nemi rigarsa mai ruwan ƙasa, ya ce a nuna masa inda aka yi maganarta, ko da a gefe ne. Ina zaune ina tsinkar zaren tabarma.

Ya ce tun ranar farko ya sani. Likitan da ya rubuta abin nan ba ya cewa "wallahi kuwa" a tsakiyar bayani, uwata ce ke cewa. Kuma goro uku ba ya komawa biyu a cikin abin da ba ya sakewa. Ya yi mini gyara har maƙoshinsa ya yi ciwo, muka ɗura masa citta. Na tambaye shi to me ya sa ya bi. Ya ce yana so ya ga iyakar iliminmu, kuma rigar dama ta fara yi masa nauyi.

Sannan ya buɗe na ido. Na so in karɓe wayar, na fasa. Ya bi shi a hankali har ya iso wurin. Ya karanta sakin layin a bayyane, kalma bayan kalma, bai rage komai ba. Da ya gama ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Nan na kinka tsallake," in ji shi. "Maganar gaba ba ta kama ta baya ba, kuma na ji kin haɗiye yawu. Na san kin ga abin da yab ba ki tsoro."

Na ce to me ya hana shi yin gyara.

"In na yi, sai ki karanta. In kinka karanta, ba ni zuwa. Na san kaina." Ya mayar da tabarau. "Kuma na ga kin ɗauki tsoron ke kaɗai don in gani. Ban so in bar ki da shi banza."

Hawaye suka zo mini, na sunkuyar da kai. Baba ba ya son kuka, don haka ya ja shafin ƙasa da yatsa kamar wanda ya shekara yana yi, ya ce ashe akwai saura ban karanta masa ba. Ya daidaita murya, irin tawa ta karatu sak, bai ɗaga kai ba, bai yi murmushi ba.

"Likitoci sun ce, wanda anka yi ma aikin ido a ba shi goro huɗu, hwarare, kuma ɗiyad da tay yi ƙarya ita ka sayowa."

Na share ido, na yi gyaran murya sau ɗaya. Bai koma baya ba. Na ɗauki mayafina na fita neman mai goro.