Farantin Sarƙar Ɗan Kawuna

Babur ɗinsa na fara gani kafin in gan shi. Ina zaune a soron gidanmu a Gumel da littafin soyayya a cinya, sai ga shi ya shigo layinmu da buhun gero uku a baya. Injin yana ta kururuwa, amma tafiyar ba ta fi ta jaki ba. Ɗan kawuna ne daga wani ƙauye bayan Sule Tankarkar, kuma da yake taubashina ne, ban taɓa raga masa ba.

Na ce, "Malam, wannan babur ne ko injin markaɗe?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, shi ke ciyar da gidanmu. Ke littafin nan ko omo ya taɓa saya miki?"

Ya durƙusa ya nuna min farantin da sarƙa ke hawa a ƙafar baya, babba mai haƙora da yawa. Da gangan ya sa shi saboda rairayin hanyarsu. Babban faranti ƙarfi yake bayarwa, ƙarami kuma gudu, ba a samun duka biyun. Da shi yake kwaso kayan mutanen ƙauyuka zuwa kasuwar Maigatari, ya ratsa inda sauran 'yan acaɓa ke sauka su tura.

Ba a yi wata uku ba wasa ya zama zance. Sai dai ni a littattafaina saurayi kamar iska yake isowa, ba a jin kukan babur ɗinsa tun daga bakin kasuwa. Ƙawayena suna jin ƙarar sai su ce, "Tashi, ga mai markaɗenki nan." Wata rana na ce masa ba zan ƙara fitowa wurin wanda kaza ke wuce babur ɗinsa ba. Rabin maganar wasa ne.

Juma'ar da ta biyo baya ya zo da ƙaramin faranti. Na gan shi a kan kwalta, iska ta cika masa riga, na ji kamar ni ce a shafin ƙarshe na littafin soyayya. Yana dariya ya ce tsohon makanikinsa har sau biyu ya tambaye shi ko ya ƙaura daga ƙauye ne. Ni ma na yi dariya, na yabe shi a gaban ƙawayena.

Daga nan babur ya daina cin rairayi. Da kaya a baya sai ya kafe, shi kuma ya yi ta murza masa wuta har kuloci ya ƙone. Masu kaya suka koma wurin wasu. Kawu ya ce ya mayar da tsohon farantin, ya ƙi. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ai ke kika ce ya yi kyau." Na san abin da ya kamata in faɗa, amma daɗin maganar ya hana ni.

Kafin kaka injin ya buga, aka sayar da babur ɗin ga masu kayan gyara. Ya daina zuwa. Na zauna ina jiran wasiƙa irin ta littafi, ban aika masa ko gaisuwa ba. Bayan shekara biyu na auri wani malamin makaranta.

Yanzu yana Gagarawa Tasha yana facin taya a gindin wata bishiya. 'Ya'yansa biyar. Innata ta ce bai sake sayen babur ba, da keke yake zuwa aiki.