Alhaji Idi Aro, Mutumin Ko'ina

Bari in sauƙaƙa muku tun da fari: in kuna neman wawan labarin nan, ga ni. Ni ne Tanko Mai Keke na unguwar Limawa a Dutse, kuma za ku ji yadda keke ya manne wa sunana alhali ban taɓa mallakar ko ƙararrawarsa ba. Karatuna aji huɗu ne na elementare, na huɗun ma rabinsa a gona na yi shi. Wanda ya ga rubutun ya karkace, ya miƙe shi a zuciyarsa.

Marigayi Alhaji Idi Aro taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya. Tun muna yara yake ce mini bawa, ni ma ina ce masa bawa, har ya bar duniya ba a raba gardamar ba. Ku da kuka zauna da shi kun san abin da yake fara yi da safe. Zai fito ƙofar gida da ɗan kofin gilashinsa na shayi, ya ɗaga shi sama ya juya kamar likita yana duba allura, sannan ya ce, "Kai ma ka kwana? To madalla. Mun gode da aro." Haka yake gaida akuyarsa, haka yake gaida kekensa. Har matarsa Hajiya Batulu ba ta tsira ba. Ran nan ta gaji ta ce, "Alhaji, in ni aro ce, ka mayar da ni gidanmu mana." Ya ce, "Mai kayan bai aiko ba tukuna."

Inda ya samo wannan hali shi ne abin tambaya. Yana saurayi ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa. Guzuri ya ƙare a Sudan, sai ya kama aiki a kantin wani tsohon Bature mutumin Girka a Fot Sudan, wanda yake kira Hawaja, domin da sunan nan ake kiran Bature a can. Daga nan ya sauke farali, ya yi girki a jirgin ruwa, ya zauna Jidda, ya zauna Masar, ya auri Hajiya Batulu a cikin Hausawan Sudan. Mu nan har mun fara sa shi cikin addu'ar mamata. Sai ga shi ya sauka a tashar Dutse gab da a ba mu jihar Jigawa, da akwatin ƙarfe ɗaya, da mace, da kofi.

Na ce, "Bawa, shekarun nan duka, ina dukiyar?"

Ya nuna kansa. Na leƙa ƙarƙashin hular, furfura kawai na gani.

Abin da ya taho da shi, wai karatun Hawaja ne. Ya ce a ƙasarsu Hawaja an yi wasu tsofaffin malamai tun zamanin da, waɗanda ba su da makaranta sai shirayi a bakin kasuwa. Wani ɗalibin jami'a ya taɓa gaya mini sunansu da Turanci, Sitoyik ko wani abu mai kama da haka, ni dai malaman shirayi na riƙe. Wai a cikin mabiyansu har da babban sarki, har da bawa gurgu.

"Bawan ya fi sarkin kai," in ji Alhaji. "Ka ga kai ma kada ka fid da rai."

Karatun nasu bai da tsawo. Komai na duniya kashi biyu ne: na hannunka da wanda ba na hannunka ba. Ruwan sama, tsadar gero, bakin mutane, har jikinka, duk aro ne, mai shi zai karɓa ran da ya ga dama. Naka shi ne niyyarka da abin da ka aikata. Sannan wai duniya duka gari ɗaya ce, ƙasashen nan unguwanni ne, kowa maƙwabcin kowa. Lokacin kuwa gari ya cika da ma'aikatan da aka dawo da su daga Kano, kowa ka gani tambayarsa ɗaya: ɗan asalin ina ne kai? Wani mai babbar riga ya tambaye shi a majalisa, "Baba, kai ɗan wace ƙaramar hukuma ne?" Ya ce, "Duk inda na farka na tarar an yi alƙibla." Mutumin ya ce a'a, asali yake nufi. Alhaji ya ce, "To, Annabi Adamu. Kai fa?"

Mutane suka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Abin ya tsaya mini a wuya, don in kowa ɗan'uwansa ne, to ni mene ne? Ni da na riƙe masa gonar uwarsa da bishiyoyin dabinonta duk tsawon shekarun nan? Na ce wallahi sai na ga ƙarshen wannan sanyin. Ko dai mutumin nan ƙarya yake yi, akwai zuciya a ciki, ko kuwa ya bar ta a Fot Sudan. Wannan binciken na sa a gaba, kuma na yi shi da gaske kamar ɗan sandan ciki.

Na fara da keke. Ran wata Juma'a ya jingine shi a bakin masallaci, na lallaɓa na tura shi gida, na cusa a ɗakina na rufe da tabarma. Na dawo da gudu don kada in rasa kallo. Alhaji ya fito, ya dubi bango, ya dubi sama, ya ce, "An karɓa."

Na ce, "An karɓa? Sata fa aka yi maka! Ka yi kururuwa mana!"

Ya ce, "In na yi kururuwa keken zai ji?"

Ya kama hanya da ƙafa yana gaida mutane. Na ce bari ya sha rana, zai yi laushi. Aka kwana, aka tashi, wata ya kama, Alhaji sai ƙara lafiya yake, wai tafiyar ƙasa ta warkar masa da gwiwa. Ni kuwa keke ya cinye mini rabin ɗaki, kullum sai feda ta ƙwale ni a ƙwauri. Kwatsam aka yi suna a gidana, mata suka shiga neman tabarma. Kai jama'a! Kafin la'asar duk Limawa ta ji an ga keken Alhaji a ɗakin Tanko. Na tura shi har ƙofar gidansa, mutane na biye da ni. Ya dubi keken ya ce, "Kai ma ka kwana?" Sannan ya dube ni. "Bawa, ajiya ba goge ƙura? Dubi sarƙa duk tsatsa." Tun ranar nake Mai Keke.

Sai maganar dabino. Da jiha ta kafu, baƙi suka yi ta shigowa. Alhaji ya buɗe zaurensa ya ba wani kafinta Ibo mai suna Emeka, wai baƙunta shi ma ya yi ta, ya san ɗacinta. Lokacin sarar dabino ya yi, ni na hau, ni na sare, ni na sauko da shi. Alhaji ya zauna ya kasa. Kason Emeka, kason wata Bafillatana mai kawo musu nono daga wajen Buji, da kasona, duk kai ɗaya. Na tsuguna na duba da kyau ko an ɓoye mini wani abu a ƙasa. Babu.

Na ce, "Alhaji, ni jininka ne fa!"

Ya ce, "Su kuma kunu ne a jikinsu?"

Emeka ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki, ya ɗebi nasa ya ƙara mini, wai "Baba Keke, no fushi." Wato har sai da baƙo ya ji tausayina.

Bayan wasu shekaru dabinon nan ya kusa kai ni lahira. Da hantsi na hau mafi tsawonsu, igiya ta tsinke. Abin da na sani ke nan. Na buɗe ido a gadon asibiti, ƙafa a ɗaure, kai a naɗe kamar limamin idi. Wa zan gani? Alhaji a kan kujera, ya harɗe, yana ɓare gyaɗa. Na ce a raina yau dai zan ga hawaye. Na ƙara langaɓewa, na yi nishi mai tsawo.

Ya ce, "Ka tashi? Ƙafar ce ta karye, ba kai ba."

Na ce, "Na kusa mutuwa!"

Ya ce, "Kowa ya kusa. Gyaɗa?"

Wallahi wannan ta yi mini ciwo fiye da karayar. Na juya masa baya. Da aka sallame ni na fara fita majalisa da sanda, sai na lura shayinsa a wani kofin silba mai lanƙwasasshen baki yake sha. Na ce ina kofin Fot Sudan? Ya ce, "An karɓa." Na ce a raina, to, ni da kofi ɗaya muke a wurinsa, duka-duka kalma biyu.

Gwajina na ƙarshe lokacin da aka ƙaddamar da shari'a ne, gari ya ɗauki zafi, kowa yana duba tsawon wandon kowa. Akwai wani matashin malami a unguwarmu, Ustaz Nura, mai kaifin baki amma mai gaskiya. Na same shi na rage murya na ce, "Ustaz, ba gulma ba, amma akwai dattijon da ke koya wa mutane karatun Girkawa a ƙofar gida." Na koma na zauna nesa kaɗan ina jiran wuta.

Ustaz ya yi sallama ya zauna. Alhaji ya zuba masa shayi irin na Sudan mai kanumfari. Ustaz ya ce, "Baba, me mutanen nan suka koya maka?"

Ya ce, "Abin da ba ya hannunka, bar wa Mai shi. Wanda ke hannunka, gyara shi. Kuma kada ka raina ɗan Adam don garinsu."

Ustaz ya ce, "Ai wannan tawakkali ne da haƙuri, muna da su."

Alhaji ya ce, "Shi ne abin haushin, ɗana. Na ƙetare hamada da teku na ɗauko shi a bakin Hawaja, na dawo na tuna tsohuwata kullum shi take faɗa tana tankaɗe. Su malaman shirayin sun hango hanya da hankalinsu, mu an aiko mana da fitila. In ka ga inda suka kauce, nuna mini in zubar."

Suka yi ta hira har aka kira azahar. Da Ustaz ya tashi, sai ya yo kaina. Ya tsaya a gabana ya yi mini wa'azi a kan annamimanci, da aya da hadisi, a gaban duk majalisa. Alhaji yana gefe yana cewa, "Sassauta masa, Ustaz, bawana ne, ni ne ban ba shi tarbiyya ba."

Rasuwarsa ba ta zo da hayaniya ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Na je duba shi, ya ce, "Bawa, da alama an aiko." Emeka ya rufe shago ya zauna a ƙofar gida yana kuka kamar ƙaramin yaro. Fulanin Buji sun zo, Ustaz Nura ne ya yi masa salla.

Bari in yi addu'ata a nan, don bayan abin da zan faɗa ba ni da sauran baki. Ya Allah, ga aronka an dawo maka da shi, kuma mu shaida ne bai wulaƙanta shi ba. Ka jiƙan Alhaji Idi, ka haskaka kabarinsa, ka saukar da shi a gidan da ba a baƙunta. Mu kuma ka kyautata namu ƙarshen. Amin.

Ana zaman makoki na shiga cikin gida gaida Hajiya Batulu. Mata cike da tsakar gida. Bakin nan nawa da ba ya zama shiru, na ce, "Hajiya, sai haƙuri. Shi dai ya huta, don ban taɓa ganin abin da ya girgiza shi ba. Ni da kofi da akuya duk ɗaya muke a wurinsa."

Ta ajiye carbi ta dube ni.

"Malam Tanko, ka san yadda kofin nan ya fashe? Yana hannunsa aka shigo aka ce ka faɗo daga dabino. Ya sake shi a ƙasa. Ba hula, ba takalmi, ya ratsa Limawa da gudu yana kiran sunanka, sunanka na yanka, ba bawa ba. Shi ya goya ka zuwa bakin titi. A asibiti ya riƙe rigar likita yana kuka, yana cewa wannan ɗaya ne tak gare shi, sai da aka ɓamɓare hannunsa. Da aka ce za ka tashi, ya wanke fuska ya aika aka sayo gyaɗa, daga baya ya dawo ya bi unguwa gida-gida yana roƙo kada a gaya maka, wai za ka samu abin tsokana har kabari."

Na buɗe baki. Ta ɗaga mini hannu.

"Shekara da shekaru ka hana kanka sakat kana jiran ranar da zai girgiza. Ranar ta zo, duk Limawa ta kalla. Kai kaɗai ka sume."