Hayaƙin Tattakar Maigidana

Shekarar da tsuntsun jan-baki ya addabi shinkafarmu a Kura, gwamnati ta ɗauko hayar wani ƙaramin jirgi mai feshi. Da la'asar yake zuwa, ƙasa-ƙasa, har ana hango kan matuƙin.

Maigidana kuwa sarkin gaggawa ne, ko tuwo da zafinsa yake haɗiyewa. Ya riga kowa yanke shinkafa, ya cinna wa tattakar wuta don ya dasa tumatir. Ana cikin wannan hayaƙi jirgin ya taho yana tari, ya faɗi a bakin babbar hanyar ruwa. Manoma suka zaro matuƙin da ransa, ƙafa a karye, aka yi asibitin Kano da shi.

Sai ga manya da motoci. Kamfanin jirgin suka ce matuƙi ne ya yi ƙasa da yawa. Abokan aikinsa suka ce kamfani ne ya cika tankin magani fiye da kima don rowa. Aka ce su ma Turawan da suka ƙera injin sun aiko cewa nasu lafiya lau, ba a kula da shi ne. Laifi tudu ne, kowa ya take nasa ya hango na wani. A dandali kuwa, masu noman albasa duk sun zama injiniyoyi.

Babu wanda ya ambaci hayaƙi, amma mutumina ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Ya daina cin abinci, ya bar yabanyar tumatir tana bushewa. Haushi ya ishe ni, tausayi ma haka.

Na ce, "Malam, zama ba zai yi ba. Tashi mu je asibiti ka ji daga bakin matuƙin."

Muka same shi a kwance, saurayi ɗan Filato, uwarsa tana yi masa fifita. Maigidana ya durƙusa. "Ɗana, ni na kunna wutar nan. Ka yafe mini."

Matuƙin ya dube shi, ya yi 'yar dariya. "Baba, ai inji ya mutu tun daga wajen Bunkure. Hayaƙinka ne ya nuna mini inda iska ta dosa, na juya na fuskance ta. Ba don shi ba, da gawata aka ɗauka."

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Maigidana ya ce, "To, mu je mu gaya wa manyan!"

Uwar ta ajiye mafici. Ta ce, "Baba, sun gama maganarsu. Sun ce laifinsa ne. Ba zai ƙara tashi da jirgi ba."

Muka sauka a tashar Kura, muka kama hanyar gida. A bakin zaure ne Malam ya ce da ni, "Hajiya, ni na samu mai wanke ni. Shi fa?"