Labulen Malama Cordelia

Cordelia Iorfa ta zo Lafiya daga Assakio a shekarar da aka ƙirƙiro jihar Nasarawa, ta samu aikin buga takardu a sakatariya. Matsoraciya ce tun asali. Tana tsoron acaɓa, tana tsoron janareto, ranar da aka kawo kwamfuta ofishinsu sai da ta fita waje sannan aka kunna. Da yake tsoro bai bar ta ta danna komai da ka ba, ita ce ta riga kowa iyawa. A 2008 wata makarantar kuɗi a unguwar Bukan Sidi ta ɗauke ta koyar da kwamfuta.

Nan tsoro na gaske ya same ta. 'Yarta Ngumimi, mai shekara goma sha biyar, wadda ke ajinta, ta yi ƙawa a intanet, wai Bilkis, 'yar Jos, sa'arta. Ba ta taɓa ganinta ba, amma Bilkis ta ce su haɗu a tashar motocin Makurɗi da ke nan Lafiya ranar Asabar, ta zo ita kaɗai. Cordelia ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta kira fasto. Yarinyar ta ce ai Mama ko fanka tsoronta take yi.

Ranar Alhamis Cordelia ta rataya zanen gado a tsakiyar aji, ta haɗa kwamfuta biyu da igiyar waya, ɗaya a bayan labulen, hannunta sai rawa yake. Ta ce wasa za a yi: kowa ya yi hira da wanda ke ɓoye, sannan ya canki ko wane ne. Ngumimi ce ta fi daɗewa. Ta rubuta wa na bayan labule sunan layinsu, da cewa babanta yana gona sai Lahadi, ta kuma tabbatar wa aji yarinya ce irinsu, mai son waƙa.

Aka ja labule. Mista Norbert ne, malamin lissafi, da sanƙonsa da tumbinsa, yana goge tabarau. Aji ya kece da dariya, ban da Ngumimi.

Ranar Asabar Cordelia ta zauna a bakin ƙofar gida. Yarinyar ta fito da kwalliyarta, ta tsaya a kanta.

"Mama, Bilkis ɗin ma ke kika shirya ta, ko?"

"A'a, 'yata. Ni ma ban san ko wane ne ba."

Ngumimi ta daɗe tana kallon titi. Sannan ta sunkuya ta cire takalminta, hannunta na rawa sak irin na uwarta. Cordelia ta gani, kuma, Allah ya yafe mata, abin ya yi mata daɗi.