Ranar da Aka Gano Kyaftin

Tun yana firamare aka laƙaba masa Kyaftin, alhali har yau ko kwalekwale bai taɓa shiga ba. Malamin tarihi ne ya jawo masa. Ranar da aka zo darasin Turawan da suka keta teku suna gano ƙasashe, yaran aji suka yi ta ƙyalƙyala dariya, wai wani ya gano kogin da mutane ke wanki a bakinsa tun kaka da kakanni. Shi bai ga abin dariya ba. Abin da ya burge shi, mutum ya sauko daga jirgi, ya dubi dutse ya raɗa masa sunan kawunsa, sunan kuma ya zauna daram. Ya ɗaga hannu ya tambayi malam ko akwai sauran wurin da ba a gano ba. Malam ya ce an gama, sai yaron ya fashe da kuka a gaban kowa.

Ya girma ya yi karatun kwamfuta, ya yi yawon neman aiki har masu gadin ofisoshi suka riƙa tambayarsa lafiyar gida. Ya taɓa gyaran waya, ya taɓa buga wa ɗalibai takardu, ya yi aure a cikin haka. Sannan aiki ya zo, a wani ɗaki a saman shagon tayoyi. Wani da kowa ke kira Manaja ne ya samo kwangilar daga wani kamfani na ƙetare, wanda shi ma daga wani ya karɓa. Ɗakin kujerun roba ne, da kwamfutoci na hannu, da fanka mai juya kai gefe ɗaya kawai kamar mai ciwon wuya. Aikin kuwa, a turo maka hoton titin wani birni mai nisa, ka zagaye kowane abu da layi, ka rubuta wannan mota ce, wannan mutum ne, wannan kare ne. Wai da haka motar da ba ta da direba za ta koyi kada ta take jama'a.

Kyaftin ya ɗauki abin da zafi. Idan ya dawo gida sai ya zube a kujera ya ce, "Wash! Yau a ƙetaren teku na wuni."

Matarsa ta ce, "Sannu da hanya. Ina tsarabarmu?"

A shagon aski kuwa har lacca yake yi. "Ku ba ku gane ba. Da can jiragen ruwa suke turowa neman zinariya da kayan ƙamshi. Yanzu ta waya suke zuwa, kuma ƙwaƙwalwa suke nema. To sun bincika duniya kaf, sun same mu." Mai aski dai ya ce ya daina motsa kai. Ni da nake ba ku labari na san abin da suke nema, araha ce, jiya da yau. Amma wa zai gaya wa mutumin da ake yi wa aski yana jin kansa a kan teku?

Da yake ba shi da ƙyuya, ba a daɗe ba aka ba shi shugabancin ɗakin. Daga nan ya sa ƙanwarsa Auta a gaba. Tela ce, tana da ɗan shagonta da matan da ba sa kai ɗinki wurin kowa sai ita. Ya yi ta yi mata famfo, ɗinki sana'ar jiya ce, duniya ta koma cikin kwamfuta, wanda ya tsaya an bar shi. Ta sayar da keken ɗinkin, ta saki shagon, ta bi shi saman bene. Ranar da za ta fara, mahaifiyarsu ta riƙe hannunsa ta ce, "Ka raba ta da abin da ta iya. To amana ce a wuyanka." Ya ce ta kwantar da hankalinta.

Ana nan sai Manaja ya shigo gumi na keto masa. Kwangila ta kusa ƙarewa, kuma kafin a sabunta, kamfanin zai turo mutum ya ga wurin da idonsa. Idan ya yaba, aiki ya ɗore. Idan bai yaba ba, kowa ya kama gabansa.

Kyaftin ya miƙe ya dubi kujerun, ya dubi bangon da ruwa ya yi wa zane. "Baƙo ya taso tun daga can ya same mu a haka? Ya koma ya ce da almajiran..." ya haɗiye, "ya ce da matsiyata yake aiki? Sai dai bayan raina. Manaja, ka bar mini wannan."

Aka shiga aro. Kafet daga wurin masu hayar kayan taro, kujeru masu juyawa daga shagon surukin wani ma'aikaci, na'urar sanyaya ɗaki daga wani mai sayar da waya da ya tafi hutu, babban janareta daga maƙwabci. Aka shafe bango da fenti, aka jera furannin roba a taga. Fankar nan aka kai ta bayan ɗaki aka rufe da buhu. Kowa ya nemo kwat, wanda tasa ta matse shi aka ce ya rage numfashi. Kyaftin ya tara ma'aikata ya koya musu magana, ba ƙorafi, ba maganar albashi, wanda aka tambaya ya ce komai lafiya lau.

Matarsa tana goge masa riga ta ce, "Baban yara, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma fa. Kuma zanen aro ba ya rufe katara."

"Ke ba ki san Turawa ba."

"Kai ka san su. A hoto."

Da motar haya ta dawo daga filin jirgi, sai da aka zaci direba ya ɗauko wani daban. Saurayi ne ɗan siriri, da gajeren wando da koɗaɗɗiyar riga da jakar goyo, takalminsa irin wanda ake shiga wanka da shi. Ya hau bene ya tarar da mutane sun jeru cikin kwat suna rawar sanyi, domin ba wanda ya iya rage na'urar. Nan take aka raɗa masa Gajeren Wando.

Murmushi bai bar fuskarsa ba. Komai aka nuna masa ya ce madalla. Ya murza kafet da ƙafa, ya hau kujera ya juya, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon na'urar sanyi. Ya tambaya ko duk wannan ba ya cin kuɗi. Kyaftin ya turo ƙirji ya ce, "Ai wannan ba komai ba ne a wurinmu." Ya tambayi Auta ko tana jin daɗin aikin, ta ce komai lafiya lau, kamar yadda aka koya mata. Can ya ja Kyaftin gefe ya ce, a misali, idan aka ɗan rage abin da ake biya, mutanen nan za su zauna?

A nan ne ya kamata Kyaftin ya tuna da buhun da ke bayan ɗaki. Amma ya ji kamar an taɓa masa mutunci. Ya gyara wuyan kwat ya ce, "Yallaɓai, waɗannan ƙwararru ne. Kamfanoni rububinsu suke yi. Mu ne ma muke lallashinsu su zauna."

Gajeren Wando ya gyaɗa kai ya ce madalla. Ya ɗauki hoton ɗakin ta kowace kusurwa, ya ɗauka tare da su, ya tafi. Layukan da suka shekara suna zanawa har idanunsu suka yi ja, ko ɗaya bai ce a nuna masa ba.

Aka mayar wa kowa da kayansa, aka sha faɗa da masu kafet saboda tabon shayi, fanka ta koma gurbinta. Kyaftin ya yi ta karɓar gaisuwa a unguwa. Har ya fara tambayar yadda ake yin fasfo.

Bayan 'yan makonni Manaja ya gama waya ya fito ya zauna a kujerar roba. Ya ce kamfani ya yaba ƙwarai, suna alfahari da irin ci gaban da wurin ya samu. Sai dai sun lura mutanen da ke aiki cikin sanyi da kwat, waɗanda ake rububinsu, ba za su daɗe a wannan farashin ba. Don haka sun gano wasu a wata ƙasa can gaba, waɗanda yanayinsu ya fi dacewa.

"Wai mun fi ƙarfin aikin," in ji Manaja. "Garin neman gira, Kyaftin."

Ba wanda ya zage shi, kuma da sun zage shi da ya fi jin sauƙi. Auta ta bi ta tsohon shagonta ta tarar ana sayar da cajar waya. Mahaifiyarsu kuwa tambayarsa kawai ta yi ko ya ci abinci. Kunya ta rufe shi.

Saura sharaɗi ɗaya kafin a sallame su, sai sun koya wa sababbin aikin ta bidiyo. Kyaftin ya zauna gaban kwamfuta, Auta na gefensa tana nuna misalai. Hoto ya buɗe, sai ga wani ɗaki da kujerun roba, bango ya yi tabon ruwa, mutane sun cunkushe suna leƙe. Shugabansu wani mai saiƙo ne, yana ta washe baki, Turancinsa na tafiya da ƙyar.

Da aka gama darasi, mai saiƙon ya matso kusa ya rage murya. Ya ce an gaya musu wani zai zo daga kamfani ya duba su. Bai taɓa karɓar irin wannan baƙon ba, tsoro yake ji, mutanen da ke bayansa duk shi ya kawo su. "Kai ka karɓe shi. Me yake so ya gani?"

Kyaftin ya san amsar, ba wanda ya fi shi saninta a duniya. Kada ka taɓa komai, in da hali ma ka ɓoye kujera ɗaya su zauna bibbiyu. Ya kuma san ko ya faɗa ko bai faɗa ba, aikin ba zai dawo saman shagon tayoyi ba. Amma ya dubi haƙoran mutumin, ya ji ba zai iya shan wannan baƙin cikin shi kaɗai ba.

Ya ce, "Ku nemo kafet. Da na'urar sanyi. Kowa ya sa kwat. Idan ya tambaya, ku ce ana rububinku."

Mutumin ya dafa ƙirji da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce bai zaci wanda aka karɓe wa aiki zai yi masa wannan karamcin ba, daga yau ya yi ɗan'uwa. Ya juya ya fassara wa mutanensa, suka ɗauki tafi. Kyaftin ya kashe kwamfutar tafin bai ƙare ba.

Auta ba ta motsa ba, tana kallon baƙin gilashin. Can ta ce, "Yaya, waccan da ke zaune a bayansa, mai kama da shi. Ƙanwarsa ce ko?"